Baƙon da ya zo taimako: a ba shi masauki, a kuma ba shi lokaci

Tun da daɗewa samari da 'yan mata suke barin ƙasashensu su zo aikin sa kai a Nijeriya. A Ingila an kafa ƙungiyar VSO a 1958. A 1961 aka kafa CUSO a Kanada da Peace Corps a Amurka. Yawancinsu koyarwa suka yi a makarantu, waɗansu kuwa aikin asibiti ko na gona. 'Yan Peace Corps sun daɗe da daina zuwa, amma har yanzu ƙungiya takan yi baƙo: ɗan sa kai daga wata ƙasa, ko ɗan bautar ƙasa, wanda aka soma turowa tun 1973. In aka turo mana irin wannan baƙo, yaya za mu karɓe shi?

Farkon zama shi ne mai wuya. A watan Oktoba na 1961 wata budurwa 'yar Amurka, sabuwar zuwa Ibadan, ta rubuta wa saurayinta kati tana kwatanta ƙazanta da talaucin da ta ce ta gani. Katin ya faɗa hannun ɗalibai, suka yi zanga-zanga, dole ta koma gida. Ta zo da niyyar taimako, amma bakinta ya riga idonta.

Mu mutanen bakin tabkin Kainji mun san zafin sabon gida. Da aka gama madatsar ruwa a 1968, an tashi mutane kimanin 44,000. Tsohuwar Busa ta nutse, haka kuma tsibirai da yawa na Gungawa. Aka gina wa jama'a gidajen siminti bisa zanen waɗanda ba su taɓa kwana a ƙauyukanmu ba. Da yawa sai da suka ƙara ɗakunan ƙasa da rumbuna kafin wurin ya zama gida. Wanda ya tuna wannan zai tausaya wa baƙo, zai kuma san abin da ke faruwa in aka kawo taimako ba a tambayi masu wuri ba.

Saboda haka kada a ɗora masa aiki ran da ya sauka. A fara kai shi gaisuwa wurin mai gari da dattawa da sarkin ruwa, Kirista da Musulmi duka. A sa shi a hannun iyali ɗaya da zai riƙa cin tuwo tare da su, gama kaɗaici ya fi zazzaɓi saurin korar baƙo. Ya koyi Hausa domin kasuwar Yelwa da ta Wara, amma a gaya masa ba ita kaɗai ake yi a nan ba. Bagunge da Bakambare da Bashange kowa da harshensa, kuma gaisuwa ɗaya da harshen tsoho takan buɗe ƙofar da takarda ba ta buɗewa.

A kula da lafiyarsa. A ba shi gidan sauro tun daren farko. Ya tafasa ruwan sha. Kada ya yi wanka a ruwa mai kwanciya a bakin tabki, domin a nan ake ɗaukar cutar fitsarin jini. Kada ya shiga jirgin da aka cika maƙil, kada kuma ya shiga ba rigar kariya. Ba mu manta da jirgin da ya nutse kusa da Wara a watan Mayu na 2021 ba, inda rayuka masu yawa suka salwanta.

Shi kuma baƙo, ya bari shekara ta zagayo kafin ya ce ga abin da ya kamata a canja. Kogin Kwara sau biyu yake kawo ruwa. Na farko na daminarmu ne, wajen Agusta zuwa Oktoba. Na biyu daga duwatsun Gini yake tasowa, ya daɗe a fadamun Mali, sai cikin hunturu ya iso. Daga baya tabki ya ja, ya bar ƙasa mai laima. Wanda ya zo da bazara ya ga fili, zai iya cewa a gina rumbun ƙungiya a nan, alhali kuwa ruwa zai dawo ya cinye shi. Bagungen da ya gaji noman albasa na rani daga kakanninsa ya san iyakar ruwa ba tare da taswira ba.

Wannan ba ya nufin baƙo ba shi da abin koyarwa. Mai yiwuwa ya iya tsara littafin kuɗi, ko gyaran injin ban ruwa, ko hanyar ajiye albasa kada ta ruɓe kafin ta yi tsada. Sai dai tun farko ƙungiya ta zaɓi mutum biyu, mace da namiji, su riƙa aiki tare da shi kullum. Yawancin 'yan sa kai shekara ɗaya ko biyu suke yi. Baƙo raɓa ne. Ran da ya ɗaure kayansa, abin da waɗannan biyun suka iya shi ne zai rage mana.