Jirgin ruwa na katako a garin da ba teku

A Maraɗi, Gulbi ba ya kawo ruwa sai da damina, teku kuwa sai an ƙetare iyakar ƙasa kafin a gan shi. Amma a wani gida da ke unguwar Zariya, wani direban babbar mota da ɗansa mai shekara 6 sun kwashe mako biyu suna harhaɗa ƙaramin jirgin ruwa na katako, wanda uban ya sayo cikin kwali daga Lome.

Da ƙashin bayan jirgin ake farawa, a jera masa haƙarƙari, sannan a lulluɓe da siraran katakai. Su kuwa sai an jiƙa su a ruwan ɗumi suke lanƙwasuwa, in ba haka ba su karye. Reza tana hannun uban, shafa gam aikin yaron ne. Ƙananan ƙusoshin suna cikin gwangwani a saman kabad, saboda ƙanwarsa mai rarrafe.

Kame hannu ya fi yi wa uban wuya. Ranar da yaron ya manna sandar tsakiya a karkace, gam ya bushe kafin a lura. Uban ya ɗauki reza zai ɓamɓare, yaron ya fashe da kuka, dole aka bar ta haka.

Jibi uban zai sake kama hanya, ga shi ba a ɗaura igiyoyin ba tukuna.