Gado Daga Gida Biyu a Harsunan Kwamfuta

A shekarar 1967 masana biyu na ƙasar Norway, Ole-Johan Dahl da Kristen Nygaard, suka fito da harshen Simula 67, wanda ya kawo tsarin kasa manhaja aji-aji. A wannan tsari ƙaramin aji yakan gaji ayyukan babba, ba sai an sake rubuta su ba. Muddin uba ɗaya ne babu gardama. Rigima takan taso ne idan aji ya nemi gado daga gida biyu.

Alal misali, a manhajar wata jami'a akwai ajin Ɗalibi da ajin Ma'aikaci, dukansu sun gaji ajin Mutum, kowanne kuma yana da nasa lissafin ranakun hutu. To, ga ma'aikacin da ke karatu, wanda ya gaji duka biyun. Da lissafin wa za a ba shi hutu? In aka bar abin haka, sai a tauye masa hakki ba tare da kowa ya lura ba.

Harsuna sun bi hanyoyi dabam-dabam. C++ ya halatta irin wannan gado a 1989, amma ya ɗora wa marubucin manhaja nauyin faɗin gidan da yake nufi. Python kuwa tun 2003 yake bin ƙa'idar C3, wadda ke jera iyaye bisa fifiko, a ɗauki aikin na gaba. Java, wanda ya fito a 1995, ya ga taura biyu ba ta taunuwa, sai ya tsaya kan uba ɗaya, ya ƙara da intafes, wato alkawari: jerin ayyukan da aji ya ɗauki nauyin yi, shi ne kuma zai rubuta yadda zai yi su. Sai a 2014 aka yarda intafes ya zo da aiki rubutacce.

Akwai kuma mahaɗi, wanda ake kira miksin, kamar yadda ake yi a harshen Ruby: ɗan guntun aiki ne, misali buga rahoto, wanda ba ya tsayawa shi kaɗai sai an zuba shi cikin wani aji.

Saboda haka masu tsara manhaja sukan ba aji uba ɗaya don asalinsa, intafes don abin da ake bukata gare shi, mahaɗi kuma don aikin da azuzuwa da yawa suka yi tarayya a kai. Ma'aikacin nan sai ya gaji Ma'aikaci, ya ɗauki alkawarin ɗalibta, hutunsa kuwa a rubuta shi wuri ɗaya.