Ejan gidan haya: tocila, biro da takarda

A Kano, mai neman gidan haya a Hotoro ko Rijiyar Zaki da wuya ya fara haɗuwa da mai gidan. Eja zai fara gani. A da dillali ake ce masa, la'ada yake karɓa, ciniki kuma da baki ake ƙulla shi a gaban mai unguwa. Yanzu an koma takarda, 'yan sana'ar kuma sun rabu biyu. Akwai masu ofis, waɗanda hukumar ESVARBON da aka kafa a 1975 ta yi wa rajista a matsayin masu ƙiyasta darajar gidaje da filaye. Akwai kuma mafi rinjaye, masu benci a bakin titi da allon da aka rubuta "ɗaki biyu da falo".

Abin da aka saba ba eja shi ne kashi 10 cikin 100 na kuɗin shekara. Sai kuɗin lauya, sai kuɗin kwashan, wanda ake ajiyewa saboda ɓarna. Mutane na ƙorafi, suna cewa daga buɗe ƙofa ya ci wannan kuɗi. Wasu ejojin kam iyakar aikinsu ke nan. Na ƙwarai kuwa, aikinsa sai an biya kuɗi yake farawa.

A ƙa'ida lauya ne ke rubuta yarjejeniyar haya idan za a biya ladan rubutun, amma yawancin takardun da ke yawo a gari kwafi ne da aka gaji a shagon buga takardu, suna kawai ake canzawa. Nan rigima take kwana. Takarda mai kyau tana faɗin ranar shiga da ranar ƙarewa, da wanda zai gyara rufi, da wanda zai yashe sokawe in ta cika, da yadda za a raba kuɗin wuta a gidan da mita ɗaya ce, da ko ɗan haya zai iya saka wani a madadinsa. Sai batun notis. A Abuja da Legas, in ba a rubuta wani wa'adi dabam ba, mai biyan shekara-shekara wata 6 ake ba shi, mai biyan wata-wata wata 1, sannan a ƙara takardar kwana 7 kafin a tafi kotu. Dokar Legas ta 2011 ma ta hana karɓar fiye da kuɗin shekara 1 daga sabon ɗan haya a yawancin unguwanni. Eja mai hankali shi ke tare mai gida in zuciya ta ɗebe shi a kan ɗan haya: "Alhaji, ranka ya daɗe, kada a cire masa ƙofa. Kai ke da gaskiya, in ka cire ta koma hannunsa."

Amma a ganina gwanintar tana wajen duba gida, kuma ba zagayen da ake karɓa wa "kuɗin dubawa" nake nufi ba. Gida a watan Maris ba ya faɗin gaskiya, sai Agusta. Don haka gwani yakan ɗaga tocila ya nemi tabon ruwa a silin, ya shafa gindin bango ya ji ko danshi ya tayar da fenti, ya ƙwanƙwasa katakon ƙofa saboda gara. Ya buɗe kowane famfo, ya kora ruwa a banɗaki ya tsaya ya ga ko zai wuce. Ya rubuta lambar mita da abin da ke kanta, ya bincika ko wanda ya tashi ya bar bashin kamfanin wuta na KEDCO, don a aikace sau da yawa sabon shiga ake yanke wa. Ya ƙirga makullai, fankoki da gilasan taga, ya ɗauki hoto da waya, duka ɓangarorin su sa hannu a takardar da ya rubuta. Ranar tashi, in mai gida ya ce an fasa masa tayil, ɗan haya ya rantse haka ya tarar, wannan takardar ce ke raba gardama a kan kuɗin kwashan. Inda babu ita, mai riƙe da kuɗin ne ke cin nasara.

Duba na tsakiyar wa'adi ya fi wuya a wajenmu, domin gida ne na matan aure, ba shago ba. Mallakar gini ba ta ba mai gida izinin faɗawa ciki, balle eja. Sai an sanar tun da wuri, a zaɓi lokacin da magidancin da ke haya yake nan, a yi sallama daga waje a jira iso: "Malam, rufin kawai za mu leƙa, a yi wa iyali magana." In magidancin ya yi tafiya, wasu ejojin kan tura mace daga ofis ta shiga da waya ta ɗauko hoton wurin da ke yoyo.