Kamun Kifi Da Fatsa: Abin Da Ya Kamata Sabon Shiga Ya Sani

Ba sai an je Argungu ba kafin a ɗanɗani daɗin kamun kifi. Ma'aikaci ko ɗan kasuwar da ke neman hutun ƙarshen mako zai same shi a bakin madatsun ruwa irin su Tiga da Challawa a Jihar Kano.

Kayan farawa ba su da tsada: sanda mai lanƙwasa, zaren roba, ƙaramar ƙugiya da tana. Sababbin shiga sukan sayi babbar ƙugiya don hangen giwan ruwa, alhali karfasa, wadda aka fi samu a gefe, ƙaramin baki gare ta. Sai ta tsattsage tanar ta bar musu ƙarfe. Tarwaɗa kuwa a ƙasan ruwa take kiwo, musamman da almuru, don haka akan ɗaura 'yar dalma ta nutsar da ƙugiyar.

Kafin a jefa fatsa, a gai da Sarkin Ruwan wurin a nemi izini. Shi ya san gurbi mai haɗari. A kuma tsaya a gaɓa, domin shiga kwantaccen ruwa kan jawo tsargiya, cutar da ke sa fitsarin jini.