Kayan aikin mai rubuta manhaja a ƙasar Gumel: abin da ya kamata ku sani kafin ku zaɓa

Duk matashin da ya ƙuduri niyyar koyon rubuta manhaja, a Gumel yake ko a Maigatari, tambayar da yake fara yi ita ce wane harshe zai koya, Python ko JavaScript. Akwai wata tambayar da ta riga wannan, kuma ba kasafai ake yin ta ba: da me zai yi aikin? Maƙeri yakan tanadi uwar maƙera da masaba da awartaki kafin ya yi maganar ko fartanya zai ƙera ko lauje. Mai rubuta manhaja ma kayan aiki biyu ne ba ya yi sai da su. Na farko manhajar da zai riƙa rubuta kod a cikinta. Na biyu manhajar da za ta riƙe masa tarihin duk canjin da ya yi wa aikinsa. Mutane sun fi ɓata lokaci wajen gardama a kan ta farko, ni kuwa a ganina ta biyun ce ta fi cancantar a tsaya a kanta, musamman a yankinmu da wuta da sabis ba su da tabbas.

Kod rubutu ne zalla, haruffa da lambobi da alamomi. Ba a rubuta shi a Microsoft Word, domin Word yana cusa wasu ɓoyayyun alamomi na ƙawata shafi, yana kuma lanƙwasa alamar zance, sai kwamfuta ta kasa gane abin da aka ce mata. Manhajar rubuta kod tana sa wa kowane layi lamba, tana bambanta kalmomi da launi, tana nuna maka inda ka buɗe baka ba ka rufe ba. Iyakar aikinta na asali ke nan, sauran duk ƙari ne.

Wadda ta fi kowacce yaɗuwa a yau ita ce Visual Studio Code, da ake taƙaitawa VS Code. Kamfanin Microsoft ya fitar da ita a 2015, kyauta ce, tana aiki a Windows da Linux da Mac. A binciken da shafin Stack Overflow ya yi a 2023, sama da kashi 70 cikin 100 na masu rubuta manhajar da suka amsa sun ce da ita suke aiki. Wannan yawan da kansa dalili ne na zaɓenta. Yawancin darussan da za ka kalla a YouTube da ita ake yin su, kuma idan ka maƙale, abokin karatunka a Kwalejin Ilimi ta Gumel, ko wanda ya je Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa, ko wanda kuka haɗu a shirin 3MTT na gwamnatin tarayya, mai yiwuwa ita ce a gabansa, zai gane matsalarka nan take.

Sai dai tana da nauyi. An gina ta a kan Electron, wato a cikinta akwai injin burauza irin na Chrome, shi ya sa take cin RAM da caji. Yawancinmu laftof ta hannu muke saye, daga titin Beirut a Kano ko daga hannun wani ɗan'uwa, mai RAM giga 4 da batirin da ya riga ya ga jiya. A irin wannan kwamfuta VS Code za ta yi aiki, da sharaɗin kada ka cika ta da ƙananan manhajojin da ake liƙa mata, kada kuma ka bar shafuka goma a buɗe a burauza. Biyu ko uku daga cikin waɗannan ƙarin sun ishi mai koyo. Idan kuwa har yanzu Windows 7 ce a kwamfutar, ka sani tun 2022 sababbin fitowar VS Code suka daina aiki a kanta.

Wanda kwamfutarsa ba za ta ɗauka ba, kada ya ga kamar an bar shi a baya. Notepad++, wadda Don Ho ya fara fitarwa a 2003, ba ta kai megabait 10 ba wajen saukewa, tana buɗewa kamar ƙiftawar ido, amma a Windows kaɗai take aiki. Geany ma marar nauyi ce, tana kuma aiki a Linux. Sublime Text tana da sauri ƙwarai, ana iya gwada ta ba tare da biya ba, sai dai lasisinta na kuɗi ne. Akwai kuma Vim, wadda marigayi Bram Moolenaar ya fitar a 1991. Ba sai an taɓa linzami a cikinta ba, komai ana iya yin sa da madannai, kuma makon farko da ita akwai wuya. Ban ce mai koyo ya fara da ita ba, amma ya san yadda ake shiga a gyara layi a fita, domin ranar da zai yi aiki a kan sabar da ke nesa, ita ko 'yar'uwarta zai tarar a can. Atom kuwa, idan ka ga tsohon darasi yana yabonta, wuce kawai: GitHub ya dakatar da ita a ƙarshen 2022.

Manyan manhajoji irin su Android Studio da PyCharm sun haɗa komai wuri guda. Android Studio tana neman aƙalla RAM giga 8, kuma ranar farko tana sauke kaya masu yawan da za su lashe datar mako. Sai wanda ya tabbatar manhajar wayar Android zai gina ya tunkare ta.

Wanda ba shi da laftof sam, wayarsa ma makaranta ce. Manhajar Termux tana ba wayar Android damar gudanar da Python da Git, an kuma fi samun ingantacciyar sigarta a F-Droid. Acode tana ba ka wurin rubutu mai launi. Ka haɗa da ƙaramin allon madannai mai Bluetooth, ka jingina wayar da littafi, aiki ya kankama. Waya kuma ta fi laftof sauƙin caji a shagon sola.

Akwai abu guda da ya shafe mu kai tsaye, wanda darussan Turai ba sa kula da shi. Haruffanmu masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, ba sa zama daidai sai an adana fayil a tsarin UTF-8. Idan ka taɓa buɗe rubutu ka ga sunan Ɗanladi ya koma alamar tambaya da wasu baƙaƙen alamomi, to a wani tsarin daban aka adana shi. A VS Code da Notepad++ ana ganin sunan tsarin a ƙasan allo ta dama. Ka duba shi tun ranar farko. Haka nan wanda ya sayi laftof da ta shigo ta Nijar, daga Magariya ko Damagaram, zai iya tarar da madannan Faransanci, waɗanda layinsu na sama ya fara da AZERTY. Ba lalacewa ta yi ba, ana sauya tsarin a saitin kwamfuta, amma wuraren baka da aya za su saɓa da abin da ke rubuce a jikin madannan.

Yanzu ga babbar maganar. A ce wata ɗaliba ta rubuta ƙaramar manhaja don dillalan kasuwar dabbobi ta Maigatari, wadda ke ci ranar Alhamis: tana rubuta shanu da raƙuma da tumakin da aka sayar, da sunan mai saye, da la'adar dillali. Manhaja tana aiki lafiya. Ranar Talata ta ce bari ta ƙara lissafin sefa, tunda baƙi daga Nijar suna zuwa da kuɗinsu. Ta taɓa nan ta taɓa can, zuwa dare lissafin naira ma ya rikice, ta kuma manta layukan da ta canza. Dabarar da yawancin masu koyo suka sani ita ce kwafar fayil a sa masa suna na ƙarshe, sai na ƙarshe na biyu, sai na ƙarshe na gaskiya. Bayan wata guda babu wanda ya san wanne ne wanne.

Wannan ciwon ne Git yake magani. Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiro Linux, shi ya rubuta shi a Afrilun 2005, bayan da masu BitKeeper, manhajar da masu gina Linux suke amfani da ita a lokacin, suka janye izinin amfani da ita kyauta. Bayan 'yan watanni ya miƙa ragamarsa ga Junio Hamano. Aikin Git kamar littafin ciniki ne da ba a yage masa shafi. Duk lokacin da aikinka ya kai wani mataki mai kyau, sai ka ba da umarnin git commit, ka rubuta gajeren bayani, misali an ƙara lissafin la'ada. Git zai adana yadda fayilolin suke a wannan lokacin, da sunanka, da rana da sa'a. Gobe idan abu ya lalace, umarnin git diff zai nuna maka layin da ka cire da wanda ka ƙara, kana kuma iya komawa kan ajiyar jiya ko ta watan jiya.

Da ɗalibar nan ta san Git, da ba ta taɓa gangar jikin aikin ba. Sai ta fitar da reshe, wato kwafin aikin na gefe, ta yi gwajin sefa a kansa. Idan ya yi kyau ta haɗe shi da gangar, idan bai yi ba ta sare shi, manhajar dillalai tana nan yadda take ranar Alhamis. Haka kuma mutum biyu za su iya aiki ɗaya, ɗaya a Gagarawa yana rubuta sashen awon riɗi, ɗaya a Sule Tankarkar yana gyara fuskar manhajar, daga baya Git ya haɗa aikinsu. Inda duk suka canza layi ɗaya, ba ya yanke hukunci da kansa, sai ya ajiye musu rubutun biyu ya ce su zaɓa. Ganin wannan saƙon karon farko yana tayar da hankali, amma babu abin da ya ɓata.

Abin da ya sa na fifita Git a kan tsofaffin tsare-tsare irin su Subversion shi ne bai dogara da intanet ba. A Subversion tarihin yana zaune a saba guda, ba za ka yi ajiya ba sai ka kai gare ta. A Git cikakken tarihin yana cikin kwamfutarka. Kana ƙauyen da sabis ke zuwa yana ɗaukewa, za ka yi ajiya ashirin, ka fitar da reshe, ka duba aikin bara, ba ka kashe ko kilobait ɗaya ba. Ranar da ka shigo gari sai ka tura aikin intanet, kuma abin da ya canza kaɗai ke tafiya, wanda ga rubutun kod bai taka kara ya karya ba. Har ma akwai umarnin git bundle, mai dunƙule tarihin duka cikin fayil guda, ka ba abokin aikinka a filash ko ta Bluetooth. Mercurial ma haka yake aiki, shekararsu ɗaya da Git, amma masu amfani da shi sun ragu, har Bitbucket ya daina karɓarsa a 2020.

Mutane da yawa suna ɗauka Git da GitHub abu ɗaya ne. Git manhaja ce a kwamfutarka. GitHub kamfani ne da aka buɗe a 2008, yana ba ka rumbu a intanet inda za ka ajiye kwafin aikinka, Microsoft ya saye shi a 2018 a kan dala biliyan 7.5. GitLab da Bitbucket ma irin wannan hidimar suke yi. Tun 2019 GitHub ya bar masu asusun kyauta su buɗe rumbunan sirri, waɗanda ba mai gani sai wanda ka gayyata. Amfanin rumbun nan a fili yake ga duk wanda ruwan damina ya taɓa shiga ɗakinsa, ko ƙurar hunturu ta kashe masa kwamfuta, ko aka ɗauke masa jaka a tasha. Yana da amfani na biyu: mai ɗaukar aiki a Kano ko Legas ko wata ƙasa zai iya buɗe rumbunka na fili ya ga abin da hannunka ya yi, wata bayan wata, ko bai san inda Gumel take ba.

Amma rumbun fili kasuwa ce. Kada ka taɓa tura kalmar sirri, ko mabuɗin kamfanin biyan kuɗi, ko sunaye da lambobin wayar mutanen da manhajarka ta tattara. Goge su daga baya ba ya wadatarwa, domin Git ba ya mantuwa, suna nan a tarihi, kuma akwai masu sintiri da na'ura suna farautar irin waɗannan mabuɗai. Idan hakan ta faru, canza mabuɗin nan take. Fayil mai suna .gitignore shi ne inda ake lissafa abin da ba a so Git ya ɗauka. Bidiyo da manyan hotuna ma ba wurinsu ba ne, GitHub yana ƙin karɓar fayil ɗaya da ya wuce megabait 100.

VS Code tana da maɓallan Git a gefenta na hagu, kuma babu laifi a yi amfani da su. Duk da haka ina ba mai koyo shawara ya fara da rubuta umarnin da hannunsa na 'yan makonni, status da add da commit da log da push da pull, domin wanda ya saba da maɓalli kaɗai ba ya sanin me ya faru ranar da maɓallin ya ƙi. Haka nake gani game da mataimaka masu ƙirƙirarriyar basira irin su Copilot: suna buƙatar intanet a kowane lokaci, kuma suna rubuta kod mai kama da daidai wanda sai mai ido ke gane kuskurensa. Wanda zai yi aiki da su ya fi kowa buƙatar Git, don ya ga ainihin abin da suka canza masa.

VS Code da Git duka biyu ba su kai megabait 300 ba wajen saukewa, datar dare guda ta isa. Ka ɗauko su daga shafukan masu su, code.visualstudio.com da git-scm.com, ka guji kwafin da aka fasa ko aka haɗa da wasu manhajoji a shagon tura fina-finai, tunda na asalin kyauta ne. Ka ajiye fayilolin sakawar a filash don na bayanka. Idan ka buɗe asusun GitHub, za a nemi ka kunna tabbaci mai mataki biyu, wanda kamfanin ya fara wajabta wa masu tura kod a 2023, za a kuma ba ka wasu lambobin ceto. Ka rubuta su a takarda ka adana tare da takardun makarantarka, domin idan wayar ta ɓace ko aka rufe layin, da su za ka koma cikin rumbunka.