Abin da Kan Hana Ƙaramin Jirgin Ƙasa Tafiya

A Jamus da Ingila da Amurka, manya da yara kan ajiye ƙananan jiragen ƙasa masu tafiya da lantarki a kan ɗan layin dogo cikin ɗaki. A shekarun 1980 kamfanin Lenz na Jamus ya ƙago nasa tsarin sa wa kowane jirgi wata 'yar na'ura, wato dikoda, mai karɓar umarni ta lambarta.

To, wajen ɗaura ta ne ake ɓarna. Jar waya da baƙa na ɗauko wuta daga dogo, mai ruwan goro da mai ruwan toka kuwa na inji ne. Muddin wayar inji ta taɓa wutar dogo ta ƙarfen jikin jirgin, dikodar kan ƙone nan take. Saboda haka sai a auna da mita tukuna, sannan a gwada a layin gwaji mai ƙarancin wuta.

In jirgi ya ƙi motsi, a kira lamba 3, domin da ita sabuwar dikoda ke zuwa. In ya yi baya maimakon gaba, a musanya wayoyin inji. In yana tafiya yana cijewa, galibi datti ne, sai a goge dogo da ƙafafu. Rigakafi dai ya fi magani.