Kwanakin Duhu Bayan Hadari: Wa Ke Biyan Kuɗin Jira a Zango?

A ƙasar Daura ruwan fari ba ya zuwa shi kaɗai. Daga ƙarshen Mayu zuwa Yuni, bayan bazara ta gama gasa ƙasa, hadari kan haɗo daga gabas, iska mai jan ƙura ta riga ruwan isowa, kuma kafin sa'a guda ta cika ta yaye kwanon rufi, ta karya rassan bedi, ta kwantar da falwaya a bakin hanya. Washegari manomi ya saɓi sungumi ya nufi gona yana hamdala. Wanda iska ta yaye wa ɗaki ya nemo kafinta ko da bashi ne, kafin mako ya zagayo ya rufe, domin ya san wani hadarin na tafe kuma ba mai rufe masa. Falwayar ce kaɗai ke zama a kwance, wani zubin har makonni, wayoyinta na jan ƙasa. A Zango, Baure da Mai'adua, garuruwan da ke bakin iyakar Nijar, an saba da haka har an daina ɗaukarsa labari. A ganina iska ba ta da alhakin komai sai daren farko. Sauran kwanakin duhun tsarin da muka gina ne ya haife su, kuma dabarun da jama'a suka ƙirƙiro don jure su, duk da sun cancanci yabo, sun fara shiga cikin dalilan da ke ƙara wa kwanakin tsawo.

Sai mu fara da hanyar da wuta ke bi kafin ta iso. Yawancin tashoshin lantarkin Najeriya na gas ne, kuma suna kudu. Manyan na ruwa, Kainji, Jebba, Shiroro da Zungeru, suna tsakiyar ƙasa. Daga Shiroro babban layi mai kilobolt 330 ya zo Mando a Kaduna, ya zarce Kumbotso a Kano. Nan ake rage ƙarfin zuwa 132 a turo ta Kankiya zuwa Katsina, sannan Daura, daga Daura kuma ƙananan layuka su watsu cikin masarauta bisa falwayoyin da ke tsaye a sarari, cikin jigawa, ba dutse ba kurmi da zai tare musu iska. Mutumin Zango yana can ƙarshen wannan tafiya ta ɗaruruwan kilomita. Ko'ina aka samu tsinkewa sai ta shafe shi, kuma ba kasafai ake da wata hanyar da za a zagayo masa da wuta kafin a gyara ba. Abin rabon ma tun asali kaɗan ne, domin ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200 tana raba abin da ke kai-kawo tsakanin megawat 4,000 da 5,000.

Oktoban 2024 ya nuna raunin wannan tsari ba tare da ko ɗigon ruwa ba. An riga an lalata turakun layin Shiroro zuwa Kaduna a yankin da 'yan bindiga suka hana injiniyoyin TCN, kamfanin da ke kula da manyan layukan wuta, shiga cikin sauƙi, sai arewa ta koma dogaro da layin da ya taso daga Ugwuaji a Enugu ya biyo ta Apir a Binuwai. Ranar 21 ga wata shi ma ya faɗi, yawancin jihohin arewa suka yi kusan kwana goma cikin duhu. Abin lura shi ne yadda aka ɗauki lamarin. Gwamnoni sun yi magana, majalisa ta yi magana, Shugaba Bola Tinubu ya kira ministan lantarki Adebayo Adelabu ya ba da umarnin gaggawa, jaridu kuma suna ƙirga kwanaki kullum. An yi haka ne saboda Kano da Kaduna na ciki. Kwana goma kuwa ba baƙon abu ba ne ga ƙauyen da falwaya uku suka faɗi a kan layinsa a farkon damina. Bambancin kawai, nasa duhun ba shi da mai ƙirgawa.

Me ya sa gyaran ke jinkiri? Tun Nuwamban 2013 da aka sayar da kamfanonin rarraba wuta, Kano da Katsina da Jigawa suka koma hannun KEDCO, kamfanin kasuwanci da ke rayuwa da abin da ya tara. Daga 2020 aka kasa masu amfani da wuta rukuni-rukuni, daga A mai alkawarin sa'a 20 a rana zuwa E mai sa'a 4. A Afrilun 2024 aka ɗaga farashin rukunin A daga kusan naira 68 zuwa 225 a kan kowane ma'auni, aka bar sauran a kan tsohon farashi. Ba sai an zargi kowa da mugunta ba kafin a gane abin da wannan lissafi zai haifar. In hadari guda ya kayar da layin masana'antu a birni ya kuma kayar da layin karkara mai tsawon kilomita da yawa, mai gidaje kaɗan, mafi yawansu ba mita, motar gyara da falwayar da ke ajiye za su fara zuwa inda kowace sa'ar duhu ke jawo wa kamfani asara mai yawa. Layin karkara ya fi tsadar gyara, ya fi ƙarancin riba, saboda haka shi ke jira. Daga nan sai unguwa ta gaji, mai unguwa ya tara magidanta, a yanka wa kowane gida abin da zai kawo, a sayi falwaya da waya, wani lokaci har da kuɗin gyaran taransifoma. Hukumar NERC mai sa ido kan harkar lantarki ta sha nanata cewa sayen waɗannan kaya ba nauyin masu amfani da wuta ba ne, nauyin kamfani ne. Amma wanda ya kwana goma sha biyar ba wuta ba ya jiran hukuncin Abuja. Kuma duk karo-karon da ya yi nasara yana koya wa kamfani cewa in an yi jinkiri, jama'a za su biya da kansu.

Illar da ta fi kowacce tsanani ba ta rashin haske ba ce. Fitilar caji da tocilan sun daɗe da maganin wannan. Ruwa ne na farko. Rijiyar burtsatse mai injin lantarki ta tsaya, tanki ya ƙafe cikin kwana ɗaya ko biyu, kuɗin jarka a hannun 'yan ga-ruwa ya tashi, mata da yara su koma tsofaffin rijiyoyi da kududdufai daidai lokacin da ruwan fari ke wanko ƙazantar rani yana zuba musu. Hanyar amai da gudawa ke nan. Sai asibitin karkara, inda alluran rigakafi ke buƙatar sanyi tsakanin digiri 2 da 8, haka ma allurar da ake yi wa mai jego don tsayar da zubar jini, a ƙasar da zafin bazara ke haura digiri 40. Sai mai injin niƙa da markaɗe, mai walda, tela, mai ƙanƙara da zoɓo, mai cajin waya, mai POS. A da duk waɗannan janareta suke tayarwa a wuce wurin. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024, janaretan talaka ya zama kayan ajiya. Kuma duk wannan na faɗowa ne a watan da magidanci ke neman kuɗin iri da taki, rumbu ya kusa ƙarewa.

Wanda ke ganin an zuzuta, ya dubi tsibirin Fuweto Riko, yankin da ke ƙarƙashin Amurka. Guguwar Mariya ta afka masa a Satumban 2017, aka ɗauki kusan wata 11 kafin wuta ta koma wa kowa. Da farko hukuma ta ce mutum 64 suka rasu. Binciken Jami'ar George Washington ya kai adadin kusan 2,975 a cikin wata shida, kuma gwamnatin tsibirin ta amince da shi. Tazarar da ke tsakanin alƙaluman biyu ta ƙunshi tsofaffi da marasa lafiyar da rashin wuta da ruwa da magani ya cinye a hankali, bayan iska ta daɗe da wucewa. A wurinmu ma haka abin yake a ƙaramin ma'auni: hukumomin agajin gaggawa kan ƙirga gidajen da suka rushe da waɗanda gini ya danne, a kai kwano da siminti da hatsi, amma jaririn da gudawa ta kashe a mako na biyu ba ya shiga lissafin hadarin.

Babban sauyin 'yan shekarun nan shi ne sola. Farashin faranti ya sauko, rana kuma a ƙasar Daura ba ta yankewa, sai ga faranti a kan rufin shago, masallaci, gidan ma'aikaci da na ɗan kasuwa. Alherinsa a fili yake, kuma firjin rigakafi mai aiki da rana da aka sanya a asibitocin mazaɓu da dama ya ceci magungunan da da sun lalace. Sai dai akwai wata illa da ba a cika faɗa ba. Waɗanda suka fara komawa sola su ne masu hali da masu faɗa a ji: ɗan siyasa, babban ɗan kasuwa, babban ma'aikaci, wato mutanen da a da in wuta ta kwana uku ba ta zo ba za su ɗaga waya a ji su a Katsina ko Kano. Yanzu fankarsu na juyawa ko falwaya na tsaye ko tana kwance. Su ne kuma masu biyan bil mai kauri, don haka ficewarsu ta ƙara rage abin da layin ke kawo wa kamfani, ta ƙara tura shi baya a jerin gyara. Aka bar mai walda, wanda injinsa ya fi ƙarfin ƙaramin faranti, da matar da ke sayar da ƙanƙara, da gidan da ba zai iya tara kuɗin batir ba. Kowane gida da ya sayi sola ya yi daidai. Jimillar abin da suka yi ce ta bar marasa ƙarfi su kaɗai a kan layi.

Za a ce ai jama'a ba sa biyan kuɗin wuta, wasu ma sata suke, to da me kamfani zai yi gyara? Maganar na da ƙamshin gaskiya, kuma satar wuta laifi ce da ke cutar maƙwabci kafin kamfani. Amma mutumin da ba shi da mita, ake kawo masa bil na ƙiyasi ko wuta ta zo ko ba ta zo ba, wanda kuma da kuɗinsa aka sayi falwayar ƙofar gidansa, da wuya a gamsar da shi cewa shi ne mai bashi a wuya. Mutanen nan suna biyan mai cajin waya kullum, suna sayen kati, suna sayen ruwa da jarka, ba wanda ke bin su da tsani yana yanke musu waya. Inda aka san abin da aka saya, ana biya. Mita da tabbacin gyara su ne ke jawo biya, ba akasin haka ba. Wasu kuma za su ce iska ikon Allah ce. Haka ne, ba mai musu. Amma zurfin ramin falwaya, ingancin siminti da rodin da aka zuba ta da su, da sassabe rassan da suka hau kan waya tun watan Afrilu, duk aikin hannun mutum ne, kuma hadarin da ke zuwa a lokaci ɗaya kowace shekara ba za a ce ya zo ba zato ba.

Batun bishiya ya cancanci a ɗan tsaya. Shingayen bedi da aka dasa a arewacin Katsina tun shirin dashen itatuwa na ƙarshen shekarun 1980, wanda Tarayyar Turai ta lokacin ta tallafa, an yi su ne don rage ƙarfin iska, kuma gatarin masu itacen girki ya ci da yawa daga cikinsu. A tsallaken iyaka, manoman Maraɗi da Damagaram sun farfaɗo da miliyoyin kadada ta hanyar barin kututturen gawo da sauran itatuwa su tofo a gona. Ƙasa ɗaya ce, iska ɗaya ce, mutanen ma dangi ne.

Ba na ganin mafita a jiran ranar da babban layin ƙasa zai gyaru. Abin da ke hannu shi ne a ware abubuwan da gari ba zai iya kwana uku ba tare da su ba, wato rijiyoyin burtsatse na jama'a, asibiti da ɗakin haihuwa, da rukunin masu niƙa da walda a kasuwa, a ba su wutar rana ta bai ɗaya wadda ba ta dogara da layin Daura ba. Doka ta buɗe ƙofa: gyaran tsarin mulkin da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Maris 2023, da Dokar Lantarki ta Yunin shekarar, sun ba jihohi ikon tsara harkar wutarsu. A Disamban 2023 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 750 don ƙananan tashoshin rana ta hannun hukumar REA mai kai wuta karkara. A Zawaciki ta jihar Kano akwai tashar rana mai megawat 1 da ke haɗe da layin KEDCO, tana ba unguwar wuta ko babban layi ya ɗauke. Sai dai Katsina na da darasinta a Lambar Rimi, inda aka kafa fankokin iska 37 don samar da megawat 10, aikin da ya ci shekaru fiye da goma kuma bai taɓa zama abin dogaron jihar ba. Kafawa ba ta ba mu wuya kamar kulawa, don haka duk tashar da za a yi a Zango sai an san tun ranar farko wa zai karɓi kuɗi, wa zai canza batir, wa za a kama in ta tsaya.

Akwai kuma abin da ba ya buƙatar ko sisin Bankin Duniya. Ƙaramar hukumar Zango da ofishin hakimi za su iya buɗe rajista a farkon kowace damina: ranar da falwaya ta faɗi, wurin da ta faɗi, ranar da aka kai rahoto, ranar da wuta ta dawo, da abin da unguwa ta kashe daga aljihunta, da rasit. A ƙarshen damina a miƙa kwafi ga KEDCO, da ofishin sauraren koke na NERC, da ɗan majalisar jiha mai wakiltar Zango, a kuma nemi a cire kuɗin karo-karon daga bil ɗin gidajen da suka biya.